Daga finafinan Japan zuwa Talatar Mafara: Yaushe za mu daina yi wa mai taɓin hankali dariya?

Tun daga fim ɗin Turmin Danya na shekarar 1990 zuwa yau abubuwa da dama sun sauya a finafinan Hausa, kama daga na'urar ɗaukar hoto zuwa sutura da salon waƙa, amma akwai mutum guda da bai taɓa sauya kama ba, shi ne mahaukaci. Kullum cikin tsumma yake, gwangwanaye rataye a wuya, fuska shafe da toka, yara na biye da shi suna ihu. Aikinsa a fim bai wuce biyu ba. Ko dai a kawo shi domin mai kallo ya ɗan dara kafin a koma kan labarin soyayya, ko kuwa a nuna shi a matsayin wanda kishiyar uwa ko abokin gaba ya yi wa jifa, sai a ƙarshen fim malami ya zo ya yi ruƙiyya, aljani ya yi kururuwa ya fita, mutum ya miƙe garau kamar wanda ya farka daga barci. A duka biyun, mai ɗaukar hoto yana tsaye ne a cikin 'yan kallo, tare da yaran da ke jifa. Ba a taɓa gayyatar mu mu ji abin da shi mara lafiyar yake ji ba.

Abin da ya sa na taso da wannan magana shi ne wasu finafinai na ƙasar Japan, waɗanda matasan daraktoci suka riƙa yi da 'yan kuɗin aljihunsu, a bayan idon manyan kamfanoni, suna nuna su a ƙananan ɗakunan kallo na birnin Tokiyo cikin dare. Tun da wuri bari in gaya wa mai karatu cewa ba talla na zo yi musu ba. Cike suke da jini da tsiraici da abubuwan tayar da zuciya, kuma ba zan shawarci magidanci ya shigar da su gidansa ba. Sai dai masu iya magana sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, kuma a cikin wannan ƙazanta akwai darasin da ya shafe mu, musamman mu mutanen Zamfara ta Yamma.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Tetsuo, wanda Shinya Tsukamoto ya fitar a 1989, baƙi da fari, tsawonsa minti 67 kacal. Labarin wani ma'aikacin ofis ne da ya buge mutum da mota ya ɓoye laifinsa. Wata safiya yana aski sai ya ga tsinin ƙarfe ya huda kuncinsa daga ciki. Daga nan ƙarfe ya yi ta tsiro masa, wayoyi da bututu da tarkace, yana gudu wata mata na farautarsa a tashar jirgin ƙasa, har ya zama tulin ƙarafa mai numfashi. Shozin Fukui ya biyo baya da 964 Pinocchio a 1991 da Rubber's Lover a 1996, inda ake gwajin magunguna da na'urori a kan mutane har hankalinsu ya gushe. A 2011 Tsukamoto ya dawo da fim ɗin Kotoko, wanda ya sami lambar yabo a bikin finafinai na birnin Benis a Italiya. Wata uwa ce mai jariri, duk wanda ta kalla sai ta gan shi biyu, ɗaya mutumin kirki, ɗaya kuma yana shirin afka wa ɗanta, ba ta kuma iya bambance na gaskiya da na ƙarya. Na'urar ɗaukar hoton ma rawa take yi tare da ita, ta yadda shi kansa mai kallo ba ya sanin wanne ne na gaskiyar. Wanda ya kalli wannan fim ba zai fito yana dariya ba, zai fito ne ya san cewa matar da maƙwabta ke gani tana duka da ihu, tsoro ne ke cin ta, ɗanta take ƙoƙarin karewa.

Japanawa ba su wayi gari da wannan tunani haka kawai ba. Tun a 1926 Teinosuke Kinugasa ya yi wani fim mara sauti a kan wani tsohon matuƙin jirgin ruwa da ya kama aikin shara a gidan mahaukata domin ya kusanci matarsa da ke kulle a ciki. Fim ɗin ya ɓace shekaru da dama, sai a 1971 mai shi ya tsinto shi a ɗakin ajiyarsa. A lokacin da aka yi shi, doka ce a Japan, tun daga 1900, iyali su gina keji a cikin gida su kulle ɗan'uwansu mai taɓin hankali, da izinin hukuma. Wani likita mai suna Shuzo Kure ya sa ɗalibansa suka bi gida-gida suna duba waɗannan kejuna, ya wallafa abin da suka gani a 1918, amma ba a soke dokar ba sai a 1950. A 1984 kuma aka bankaɗo yadda ma'aikatan wani asibiti a garin Utsunomiya suka doki majinyata har lahira, abin da ya tilasta sake dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a 1987. Har gobe Japan na cikin ƙasashen da suka fi yawan gadajen kwantar da masu wannan lalura, ana kuma sukar ta da tsare su na tsawon shekaru. Ke nan ba aljannar duniya ba ce. Abin da ta fi mu da shi shi ne ta yarda ta kalli abin kunyarta.

To, ina ruwan mutumin Bakura ko Maradun da wannan? Ƙarfen da Tsukamoto ya ƙaga a fim, mu a Zamfara da idonmu muka gan shi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida, ƙurar ta sauka a kan tuwo da tabarma da hannun yaro. Yara aƙalla 400 suka mutu, dubbai kuma ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi wa magani. Dalma ba ta tsayawa a jini, ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, ta bar shi da farfaɗiya ko raunin fahimta ko saurin fushi, kuma ɓarnar da ta riga ta yi ba ta gyaruwa. Yaran da suka tsira a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata. Idan ɗayansu ya kasa riƙe karatu, ko ya cika faɗa, sunan da za a kira shi da shi a dandali sananne ne: dolo, gaula, ko mai motsi.

Sai kuma tsoro. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe da ke ƙaramar hukumar Talatar Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 daga makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, bayan kwana biyu aka katse layukan waya a faɗin jihar, alhali an riga an ba da umarnin rufe kasuwannin mako. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Waɗanda aka tare a hanyar gona, da matan da aka yi wa abin da baki ba ya iya faɗa, da dattawan da suka sayar da gona da shanu suka biya kuɗin fansa, ba su da lissafi. Idan an sako mutum, akan kai shi gidan gwamnati a ɗauki hoto, likita ya duba ƙafarsa da ta kumbura, a ba shi maganin zazzaɓi, dangi su zo barka. Da wuya a tambaye shi ko yana iya barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar na mazauna yankunan da ake rikici yana ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, daga damuwa mai tsanani zuwa firgici zuwa gushewar hankali. Duk wanda ya san yawan jama'ar waɗannan ƙananan hukumomi uku sai ya yi lissafin da kansa.

A nan ne lamarin namu ya fi na fim sarƙaƙiya. A Tokiyo, idan mutum ya ce ana bin sa za a kashe shi, likita zai fara tunanin ciwon zargi. A Maradun kuwa, mai yiwuwa ne da gaske ake bin sa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, kuma babu mai ganin laifinsa a garin da macizai ba su ƙare ba. Saboda haka magidancin da ya daina barci, yake kwana da adda a ƙarƙashin matashi, ya hana matarsa gaisawa da maƙwabta, yake zargin ƙaninsa da sayar da shi, ana iya shafe watanni ana yaba masa da taka-tsantsan, alhali ciwo ne ke ginuwa. Kalmar nan infoma, wadda ta shigo bakinmu cikin 'yan shekarun nan, ta ƙara dagula al'amari. Babu mai musun cewa akwai masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Amma a garin da kowa ke zargin kowa, wa ya fi shiga haɗari kamar mara lafiyar da ya bar gida ya faɗa wani ƙauye, aka tambaye shi sunansa da inda ya fito ya kasa ba da amsa mai kan gado? Mun taɓa ganin irin wannan a wata siga, lokacin da jita-jitar satar mazakuta ta game Abuja da wasu garuruwa a 2023, mutum ya rantse gabansa ya ɓace don wani ya gaisa da shi, jama'a su rufe baƙo da duka, a je asibiti a tarar komai na nan.

A matsayina na ɗalibin harshe, inda na fi ganin matsalar shi ne a bakinmu. Mai karatu ya dubi kalmomin da muke amfani da su: taɓin hankali, bugun iska, shafar aljanu, jifa, sammu, kurciya. Kowace a cikinsu tana nuna wani ne daga waje ya taɓa, ya buga, ya shafa ko ya jefa. Da zarar an faɗi sunan ciwon an riga an buɗe shari'a, saura a nemo mai laifi, kuma yawanci akan same shi a cikin gida: kishiya, ko matar uba, ko wata tsohuwa da ba ta da mai tsaya mata. Haka sunan ciwon kansa ke haifar da sabon zargi a kan wanda ake da shi. Sannan a dubi ƙirar kalmar mahaukaci. Tsarinta ɗaya da maƙeri da masaƙi da manomi, wato sunan da ke zama wa mutum shaida har kabari. Mai zazzaɓi muke cewa, ba mu taɓa cewa mazazzaɓci ba. Ko majinyaci, ranar da ya tashi daga shimfiɗa sunan ya faɗi. Shi kuwa wannan ko ya warke yana nan da sunansa, har ana cewa wai hauka ba ya warkewa sai dai rangwame, kuma ranar da 'yarsa ta isa aure sai masu bincike sun tono. Ga shi kuma kalmar hauka guda ɗaya ta haɗiye cututtuka da dama da ba su da haɗi: farfaɗiya, da ruɗewar mai jego, da gigin tsufa, da illar ƙwaya, da firgicin wanda ya ga an yanka ɗan'uwansa. Kowanne maganinsa daban, wasunsu ma cikin 'yan makonni ake samun sauƙinsu.

Japanawa sun yi fama da irin wannan. Sunan da suke kiran cutar sikizofireniya da shi tun kafin yaƙin duniya na biyu, ma'anarsa ciwon tsagewar hankali, ya yi muni har likitoci na jin nauyin gaya wa majinyaci abin da ke damunsa. Ƙungiyar iyalan majinyata ce ta nemi a sauya, a 2002 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasar ta amince da sabon suna mai ma'anar tangarɗar daidaituwar tunani. Cikin shekara uku, adadin majinyatan da ake gaya wa sunan ciwonsu ya tashi daga kimanin kashi 37 cikin 100 zuwa kusan kashi 70. A 2004 suka sake yin haka ga gigin tsufa, wanda tsohon sunansa ke ɗauke da ma'anar wauta. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidajen rediyo sun koya mana cewa cuta mai karya garkuwar jiki a maimakon ƙanjamau, da masu buƙata ta musamman a maimakon nakasassu, kunne kuma ya saba.

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce wannan malamin boko yana so ya ƙaryata aljanu da sihiri. Ko kusa. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a suna da matsayinsu, kuma babu likitan kirki da zai hana iyali yin su. Amma addinin da ya ɗauke wa wanda hankalinsa ya gushe alƙalamin hukunci, bai ba kowa izinin ɗaure shi da mari ko zane shi da bulala ba. Asibitin da Sarkin Misira Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali, ana ba su magani ana ciyar da su daga wakafi, tun Turai ba ta san da wannan ba. Mu kuwa a watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane kusan 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, bayan 'yan makonni aka sake ganin irin haka a Daura. Wasu kuma za su ce ai rufin asiri ne, ba a tallar ciwon gida. Rufin asirin da ke ƙarewa da ɗaure mutum a turke a bayan ɗaki, kejin Japan ne na 1900 muka ba wani suna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ko da iyali sun yanke shawarar neman likita, hanyar ba mai sauƙi ba ce. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, 'yan ɗaruruwa ne kawai, mafi yawansu a manyan birane. Daga Talatar Mafara zuwa Asibitin Tarayya na Kware da ke Sakkwato tafiya ce ta sama da kilomita 100, da mara lafiyar da ba ya zama wuri ɗaya, a kan hanyar da lafiyayye ma sai ya yi addu'a kafin ya hau. Dokar mahaukata ta 1958, wadda muka gada daga Turawan mulki, ita ce ta yi ta aiki har zuwa Janairun 2023 da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙin majinyaci da shigar da kulawar cikin ƙananan asibitoci. Doka dai tana kan takarda, jihohi ne za su mayar da ita aiki. Wannan yanki kuwa ba zai ce bai sami dama ba: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talatar Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawallen Maradun daga 2019 zuwa 2023, shekara 20 ke nan cikin 24 mulkin jihar yana hannun 'ya'yan waɗannan garuruwa uku.

Abin da nake kira a yi bai fi ƙarfinmu ba. Mu malaman harshe mu ne na farko. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Sakkwato da Gusau da Kano da Zariya, waɗanda suka iya ƙirƙiro kalmomin nahawu da adabi har muke koyar da digiri da Hausa, su zauna da likitocin Kware da malaman addini da iyalan majinyata, a fitar da sunan kowace cuta daban, sunan da uwa za ta iya faɗa a gaban surukai ba tare da ta sunkuyar da kai ba, a miƙa wa gidajen rediyo. Gwamnatin jiha kuma ta horar da ma'aikatan jinya da na ƙananan asibitoci bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 2008 domin wuraren da babu ƙwararru, a ware rana guda a mako a manyan asibitocin Talatar Mafara da Bakura da Maradun, ta fi kyau ta dace da ranar kasuwa, a kuma tabbatar magungunan suna nan. Duk wanda aka karɓo daga daji a riƙa bibiyar sa na wasu watanni. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya riƙa sauke majinyata a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, kowanne da ɗan'uwansa, yana aiki tare da masu maganin gargajiya, duniya ta zo ta koya daga gare shi.

Su kuwa 'yan fim, an rufe gidajen silima a Zamfara tun zuwan Shari'a a 2000, amma yau silima tana cikin aljihun kowane matashi, kuma finafinai masu dogon zango na YouTube da tashar Arewa24 suna shiga ɗakunan da likita bai taɓa takawa ba. Ba na neman su zubar da jini ko su keta dokar Hukumar Tace Finafinai. Abin da nake nema shi ne wani darakta ya ɗauko labarin yarinyar da ta dawo daga daji, ya tsaya a inda take tsaye, mu ji yadda ƙarar babur ke tsinka mata zuciya, mu ga yadda fuskar kawunta ke rikiɗe mata, mu bi ta zuwa wurin malami da wurin likita, mu ga sauƙi yana zuwa sannu a hankali kamar yadda yake zuwa a zahiri, wata rana gaba wata rana baya. Tsukamoto da 'yan kuɗin aljihunsa da abokansa ya yi Tetsuo, don haka rashin jari ba hujja ba ce. Hukumar tacewa ita ma, yadda take sa ido a kan rawa da sutura, ya kamata ta fara tambayar mai fim dalilin da ya sa yake mayar da mara lafiya abin wasa.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya.